Kayan Aro Ba Ya Rufe Katara

Duk wanda ya halarci bikin Ranar Hausa ta Duniya da sashenmu ya shirya ranar Asabar 26 ga Agusta, 2023, zai iya tuna wani siririn yaro ɗan aji ɗaya da ya tsaya kusa da mai kalangu, ya rataya jita, yana ta tattaka wani baƙin akwati kamar tela a kan keken ɗinki. To, ni ne wannan yaron. Tun daga ranar mutane da dama suke tare ni suna tambaya, wai shin mene ne wancan akwatin, kuma don me ake taka shi? Na sha yin alkawarin zan yi bayani a wannan mujalla tamu, sai yanzu da nake shirin barin makaranta Allah ya nufa. Sai dai bayanin ba zai yiwu ba sai na haɗa da labarin ɓarnar da na yi a kan akwatin, domin ta hanyar ɓarnar na san shi.

Yadda Na Haɗu Da Jita

A unguwar Sabo ta nan Kudu aka haife ni, kuma a gidanmu ba a san kiɗa ba. Mahaifina ɗan kasuwar goro ne. A wurinsa kiɗa sana'ar waɗanda suka gada ce, wanda bai gada ba kuwa in ya ɗauka, to, shashanci yake nema. Ni kuwa tun ina sakandare wani direban babbar mota da ke zuwa daga Birnin Ƙonni ya tura mini kaɗe-kaɗen mutanen Agadas a wayar hannu. Nan na fara jin Bombino, wanda faifansa mai suna Agadez ya fito a 2011. Daga baya na ji Mdou Moctar, mutumin da ya harhaɗa jitarsa ta farko da wayar birkin keke saboda a gidansu ma ba a yarda da kiɗa ba. Abin da ya ja ni shi ne kiɗan nasu bai yi wa kunnena baƙunta ba. Ina jin wani abu na molo da garaya da kuntigin marigayi Ɗanmaraya Jos a cikinsa, sai dai an sa masa wutar lantarki. Da 'yan kuɗin da na tara na sayi tsohuwar jita 'yar gwanjo, na ɓoye ta a shagon wani abokina, ina koyo a sace.

Da na shigo jami'a sai Allah ya haɗa ni da wani mutumin Filato da nake kira Yaya. Gyaran fanka da firji yake yi a bakin ƙofar makaranta. Ranar Lahadi shi ke kaɗa jita a wata majami'a ta 'yan Arewa, Asabar kuma yana bin bukukuwan aure. Hausa ce ta haɗa mu, domin na kai gyaran fankar ɗakinmu ne na ji yana ciniki da mai rake da Hausa mai daɗi. Da ƙungiyarmu ta sa ni cikin masu wasa a Ranar Hausa, na je na roƙe shi aron akwatinsa. Ya yi jim, sannan ya ce wannan Asabar ba shi da biki, in ɗauka ranar Alhamis, amma lallai in dawo masa da shi daren Asabar, saboda da shi zai shiga majami'a da safe. Ya ƙara da cewa, "Ƙanena, in wani abu ya shige maka duhu, ka kira ni." Na ce to.

Mene Ne Wannan Akwati?

Bari in ɗan yi wa wanda bai sani ba bayani. Jitar lantarki ba ta da ƙoƙo irin na goge ko garaya da zai ƙara mata amo. Katako ne da tsirkiya 6 na ƙarfe. A ƙarƙashin tsirkiyoyin akwai maganaɗisu da aka naɗe da siririyar wayar tagulla. In tsirkiya ta girgiza sai ta haifar da 'yar ƙaramar wuta, wadda galibi ba ta kai bolt 1 ba. Wannan 'yar wutar ce ke bin waya ta tafi amfilifaya, ita kuma ta ƙara mata ƙarfi ta miƙa wa lasifika. Saboda haka duk abin da aka sa a tsakanin jita da lasifika yana iya sauya kamannin sautin.

A da kowane irin sauyi da ɗan akwatinsa daban, makaɗi yakan jera biyar ko shida a gabansa, kowanne da batirinsa da wayarsa. Daga baya kamfanoni suka tattara su cikin akwati guda mai ƙwaƙwalwa irin ta kwamfuta. Zoom 505 na Japan da ya fito a 1996, da POD na kamfanin Line 6 na Amurka a 1998, da GT-8 na Boss a 2005, suna cikin waɗanda suka yi suna. Na Yaya tsoho ne irin na wancan zamani, fentinsa duk ya goge a wurin da ƙafa ke taɓawa.

Da yake mu ɗaliban harshe ne, na yi ƙoƙarin raɗa wa sauye-sauyen suna da Hausa, malamanmu kuma suna iya gyarawa. Akwai kaushi, wanda ke sa sauti ya yi gurnani ya kuma daɗe bai mutu ba. Akwai amsa-kuwwa, mai maimaita abin da ka kaɗa bayan ɗan lokaci. Akwai amon ɗaki, mai sa a ji kamar a cikin babban soro kake. Akwai tagwaitawa, mai sa jita ɗaya ta zama kamar biyu suna tafiya tare. Akwai madaidaici, mai danne sautin da ya yi ƙarfi don a ji mai rauni. Akwai mai gadi, wanda ke rufe ƙofa in ka daina kiɗa don kada a ji surutun wuta. Sannan akwai wanda su kansu Turawan daga kukansa suka ba shi suna, shi kuwa sunan in Bahaushe ya faɗa sai ya fito wawa. Na bar masa sunansa, domin in ka ba shi dama da yawa hakan yake mai da kai.

In makaɗi ya zaɓi sauye-sauyen da yake so, ya jera su, ya daidaita kowanne, sai ya adana a ƙwaƙwalwar akwatin. Wannan na kira haɗi, kamar haɗin mai shayi. Haɗi huɗu-huɗu ake tarawa a abin da na kira rumbu. A fuskar akwatin akwai maɓallan ƙafa huɗu masu lamba, da wasu biyu na hawa da sauka tsakanin rumbuna, da feda mai kama da totur ɗin mota. Dalilin taka su da ƙafa kuwa a fili yake, hannu biyu duk suna kan jita.

Daren Alhamis

Ranar Alhamis da daddare muka taru a ɗakin taro don gwaji. Babu wuta, ga shi tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 farashinsa ya ninka kusan sau uku, don haka shugaban ƙungiya ya ce man awa ɗaya kawai ke cikin janareta. Na jona jita a akwati, na ja waya daga akwati zuwa ramin gaba na amfilifayar da muka yi haya, na kaɗa. Sai sautin ya fito kamar an lulluɓe lasifikar da bargo. Na ƙara kaifi, na ƙara ƙarfi, sai ta ɓarke da wani irin ƙara da ya sa 'yan mata masu gaɗa suka toshe kunne. Na taka lamba ɗaya, na taka biyu, na sauya rumbu, duk kanwar ja ce. Ga mai kalangu, dattijo da aka ɗauko daga Sabo, yana zaune yana kallona bai ce komai ba. Zufa ta karyo mini.

A nan ya kamata in kira Yaya. Lambarsa tana cikin wayata, ga kati. Amma sai na ga kamar in na kira zai ce ashe ban iya ba. Maimakon haka na shiga intanet, na ga wani yana cewa in na'ura ta rikice a mai da ita yadda ta fito daga kamfani. Ban karanta har ƙarshe ba. Na kashe akwatin, na danne maɓallan da aka ce, na kunna. Ɗan allonsa ya tambaye ni da Turanci ko na tabbata. Na danna na'am.

Abin bai ɗauki minti ɗaya ba. Da allon ya dawo, sunayen da Yaya ya sa wa haɗe-haɗensa da Hausa, irin su Sujada da Amarya da Rakiya, duk babu su, sai wasu sunayen Turanci da ban taɓa gani ba. Haɗi fiye da 20 da ya tara cikin shekaru sun tafi. Na kaɗa jita ina fatan ko banza sautin ya gyaru. Bargon nan yana nan yadda yake. A lokacin na gane akwatin lafiyarsa ƙalau tun farko.

Daren nan ban yi barci ba. Abokin ɗakina ya ce abu mai sauƙi ne, in ce janareta ce ta kawo wuta da ƙarfi ta goge, wa zai ƙaryata ni a ƙasar nan? Ba zan ɓoye muku ba, har na shirya yadda zan faɗa. Abu biyu suka hana ni. Na farko, mutumin da ke gyaran kayan wuta ba za a yi masa ƙaryar wuta ba. Na biyu, shi Kirista, ni Musulmi, ya ɗauki abin da yake ci da shi ya ba ni ba takarda ba shaida, don kawai muna jin harshe ɗaya. In na yi masa ƙarya, gobe in wani ɗalibi ya je aro me zai tuna?

Safiyar Juma'a

Da sassafe na same shi yana buɗe shago.

"Yaya, ina kwana."

"Lafiya lau ƙanena. Ya na gan ka da kaya, ba gobe ne wasan ba?"

"Yaya, ɓarna na yi maka."

Na kwashe labari na faɗa masa. Bai ce komai ba, ya jona akwatin, ya rinƙa taka maɓallan ɗaya bayan ɗaya yana duba allo. Da ya zo lamba huɗu a rumbu na farko sai ya tsaya, ya daɗe yana kallo.

"Wa ya ce ka taɓa nan?"

"Babu kowa."

"Ka kira ni?"

"Ban kira ba."

"Me ya hana?"

"Kunya na ji, kada ka ce ban iya ba."

"To, yanzu ka iya?"

Na sunkuyar da kai. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Can sai ya ce in tafi in yi sallar Juma'a, in na dawo in zo da littafi da biro, in kuma sa a kawo amfilifayar nan shagonsa.

Hanyoyin Haɗawa

Abin da ya koya mini da yammar nan shi zan ba ku a taƙaice. Amfilifayar jita sashe biyu ce. Sashen farko shi ke ba sauti ɗanɗano, nan mamurɗan kaifi da kauri da kaushi suke. Sashe na biyu ƙarfi kawai yake ƙarawa don ya iya motsa lasifika. Ita ma lasifikar jita tana da halinta, domin tana danne sautuka masu kaifi sosai. Akwatin kuwa yana iya kwaikwayon sashen farko, yana kuma iya kwaikwayon lasifikar. Yaya a majami'a ba ya amfani da amfilifaya, kai tsaye yake shiga miksa, don haka ya kunna kwaikwayon duka biyun. Ni kuma na ɗauki wannan sautin na sake zuba shi a sashen farko na gaske da lasifika ta gaske. Ya ce, "Miyar da aka gama sa wa gishiri ka ƙara wa gishiri." Sai ya nuna mini wurin da ake gaya wa akwatin inda sautinsa zai tafi. Ya murɗa sau biyu, bargon ya yaye. Gyaran ke nan gaba ɗaya.

Hanya huɗu ya nuna mini. Ta farko, daga akwati zuwa ramin gaba na amfilifaya, wadda na yi, amma sai an kashe kwaikwayon amfilifaya da na lasifika, an kuma bar amfilifayar a sautinta marar kaushi. Ta biyu, yawancin amfilifayu masu kyau suna da rami biyu a baya, na aikawa da na komowa, waɗanda ke tsakanin sashen farko da na biyu. In ka shiga ta ramin komowa ka tsallake sashen farko ke nan, sai ka bar kwaikwayon amfilifaya a kunne, ka kashe na lasifika. A nan ya gargaɗe ni in fara da sautin akwati a ƙasa, domin a wasu amfilifayun mamurɗin rage ƙara ba ya aiki in an shigo ta baya. Ta uku ita ce tasa, kai tsaye zuwa miksa, da kwaikwayo biyun duk a kunne. In an manta da na lasifika, kaushi yakan fito kamar ana suyar ƙosai.

Ta huɗu ita ake kira hanyar waya huɗu, kuma sai akwatin ma yana da nasa ramin aikawa da na komowa. Waya ta ɗaya daga jita zuwa ramin shiga na akwati. Ta biyu daga ramin aikawa na akwati zuwa ramin gaba na amfilifaya. Ta uku daga ramin aikawa na amfilifaya zuwa ramin komowa na akwati. Ta huɗu daga ramin fita na akwati zuwa ramin komowa na amfilifaya. Da haka sashen farko na amfilifaya ya shigo tsakiyar jerin akwatin, makaɗi ya zaɓi abin da zai gabace shi da abin da zai biyo bayansa.

Na tambaye shi, mene ne amfanin wannan wahala? Ya sa amsa-kuwwa kafin kaushi ya kaɗa, na ji sautukan sun cakuɗe kamar kasuwa. Ya mai da ita bayan kaushi, sai kowace maimaitawa ta fito sarai. Nan take na tuna da darasin ginin jimla. Kalmomin "kare ya ciji yaro" su ne na "yaro ya ciji kare", jerin ne ya raba su. Ƙa'idar da aka fi bi ita ce, wawa da madaidaici da kaushi su zo da farko, tagwaitawa a tsakiya, amsa-kuwwa da amon ɗaki a ƙarshe. Mun gwada waya huɗun ta yi daɗi, amma Yaya ya ce in bi hanya ta biyu ranar wasa, domin ga sabon shiga kowace waya da aka ƙara wata ƙofar matsala ce.

Maɓallan Ƙafa Da Sha'anin Wuta

Maɓallan suna aiki iri biyu. A tsari na farko kowace takawa tana sauya haɗi gaba ɗaya. A na biyu kana cikin haɗi guda, kowane maɓalli yana kunna ko kashe sauyi ɗaya. Mun shirya mini haɗi huɗu a rumbun ƙarshe: na ɗaya sauti tsaf don rakiyar mawaƙi, na biyu ɗan kaushi, na uku kaushi da amsa-kuwwa don in an bar mini fili, na huɗu shiru don lokacin jawabi da gyaran tsirkiya. Ya sa na rinƙa taka su bi da bi har ƙarfinsu ya zo ɗaya, kada in taka wani ya firgita jama'a.

Akwai kuma maɓallin waje da ake jonawa, shi ma iri biyu ne. Wani in ka taka yakan zauna a kunne sai ka sake takawa, kamar makunnin fitila. Wani kuma sai ƙafarka tana kai yake aiki, kamar hon ɗin mota. Wannan na biyun ake so wajen auna tazarar amsa-kuwwa. Lissafin shi ne a raba 60,000 da yawan bugu a minti ɗaya. In bugu 120 ne, tazarar ta zama milisakan 500. Amma mai kalangu ba ya bin agogo, yana ƙara sauri in rawa ta yi zafi, saboda haka sai ka taka maɓallin sau biyu ko uku daidai da bugunsa, akwatin ya auna da kansa.

Kan wuta kuwa Yaya bai yi mini da wasa ba. Kafin a jona adafta a duba bolt ɗinta, da irin wutar da take bayarwa, da kuma ko tsakiyar bakinta ɗauke yake da alamar ƙari ko ta ragi, domin baki na iya shiga daidai amma wutar ta zo a juye ta ƙone na'ura. Ramin da ke kai sauti ga lasifika kada a kuskura a jona shi a akwati. Amfilifaya ita ake kunnawa a ƙarshe, ita ake fara kashewa. In an ji gunji mai kauri, wanda ke zuwa daga wutarmu mai juyi 50 a daƙiƙa, a jona akwati da amfilifaya a soket guda, kada a karya ƙafa ta uku ta fulogi kamar yadda wasu ke yi, domin ita ke kai ɓatacciyar wuta ƙasa. Daga baya na karanta labarin Leslie Harvey, makaɗin jita da wuta ta kashe a gaban 'yan kallo a garin Swansea na Birtaniya a 1972, bayan ya taɓa makirufo da ba a haɗa da ƙasa ba.

Abin Da Bai Dawo Ba

Bayan magariba muka koma kan nasa haɗe-haɗen. Na sayo fetur da kuɗin abincina na mako, muka tada 'yar janaretarsa. Shi yana kaɗawa yana saurare, ni ina murɗawa ina rubuta lambobi. Wajen ƙarfe ɗaya na dare mun farfaɗo da 14, waɗanda za su ishe shi Lahadi. Sai muka zo lamba huɗu a rumbu na farko. A nan ya gaya mini akwatin na wansa ne da ya koya masa jita, ya rasu ya bar masa. Wannan haɗin shi marigayin ya yi da hannunsa, kuma Yaya bai taɓa buɗe cikinsa ya duba lambobin ba, don tsoron kada ya gusar da wani abu. Mun fi awa ɗaya muna nema. A ƙarshe ya ajiye jitar ya ce, "Ya yi kusa, amma ba shi ba ne. Tashi ka je ka kwanta, gobe kana da aiki."

Ranar Wasa

Da safe muka sake gwaji da mai kalangu. Na shirya in gai da baƙi da jita ta hanyar bin karin sautin "barka da zuwa", wato sama, ƙasa, ƙasa, sama, ƙasa, kamar yadda kalangu ke magana. Na kaɗa da haɗi na uku. Dattijon ya ɗaga hannu ya ce, "Ɗan nan, abin naka baki biyu yake yi." Na ce, "Baba, yaya ke nan?" Ya ce in sake saurare. Ashe amsa-kuwwa tana dawo da sautin sama na gaɓar farko daidai lokacin da nake kaɗa na ƙasa na gaɓa ta biyu, maganar ta ɓace. Na koma haɗi na ɗaya, ya gyaɗa kai. Abin da malaminmu na ilimin furuci ya yi zango guda yana nanata mana, cewa karin sauti a Hausa yana ɗauke da ma'ana, ranar ya zauna mini.

Wasa ya yi kyau, sai tuntuɓe ɗaya. Babbar rigar da na sa ta rufe mini maɓallan, na taka biyu a haɗe, akwatin kuwa in an yi masa haka shiru yake yi don gyaran tsirkiya. Jita ta ɗauke tsakiyar kiɗa. Baba bai ko waiwayo ba, ya cike gurbin da kalangu har na tattare riga na gyara. Jama'a suka yi tafi, sun zaci shiri ne. Ƙarfe tara na dare na mai da akwatin.

Kammalawa

Bayan mako biyu na je gida, ashe wani ya riga ya nuna wa mahaifina bidiyon. Na zauna ina jiran faɗa kan kiɗa. Sai ya ce, "Wancan akwatin na wane ne?" Na ce na aro ne. Ya ce, "Ka mayar?" Na ce na mayar. Ya ce, "Yadda aka ba ka?" Na kasa cewa e. Da na ba shi labari, ya ce maganar kiɗa za mu yi ta wata rana, amma yanzu in koma in tambayi mutumin nan abin da yake bina. Na koma na tambaya, Yaya ya ce babu kuɗin da zai karɓa. Abin da na iya yi shi ne na sayi littafi mai bango mai ƙarfi na rubuta masa kowane haɗi da lambobinsa, da Hausa, na kuma zama mai ɗaukar masa kaya in zai je biki. Lamba huɗu ta rumbun farko har yau bai sa mata suna ba.

Saboda haka 'yan'uwana, duk wanda zai taɓa irin wannan na'ura, ya fara sanin inda sautinsa zai tafi kafin ya zargi akwati, ya rubuta abin da ke ciki ko ya kwafe a kwamfuta kafin ya sauya komai, in kuma na aro ne ya kira mai shi. Matambayi ba ya ɓata. Ina kuma roƙon malamanmu da ɗalibai su duba sunayen nan da na raɗa, wanda ya ga gyara ya aiko wa mujalla. Allah ya ba mu ikon riƙe amana, amin.